Babarbariyar da Ta Sake Jera Shanun Fulani

Tun kafin 'yan adaidaita su cika titin Kazaure da hayaniya, Malama Zulaikha Madu ta riga ta buɗe ofishin ƙungiyar makiyaya. Takan goge farantin sola, ta duba batir, sannan ta zauna gaban kwamfuta da kofin shayin da kullum sai ya huce take tunawa da shi. Haka take tun ƙungiyar tana ɗaki guda na haya. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, idanu sun gaji, kuma ban ji ko mutum ɗaya ya kawo zancen yi mata walima ba. Abin ya ba ni haushi, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Aikinta riƙon rumbun bayanan shanun Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura ne. Ba ƙidayar kawuna kawai ba. A cikin na'urar kowace saniya a haɗe take da uwarta, da mai ita, da kasuwar da ta shiga, da mashayar da ta sha ruwa, kamar saƙar gizo-gizo. Ma'aikatan ƙungiya ke zaga rugage suna turo rahoto ta waya. In ciwo ya ɓulla, zaren nan ake bi a gano inda ya faro.

To, Babarbariya riƙe da asirin shanun Fulani, kun san wasa ba zai ƙare ba. Wanda ya fi sa ta a gaba shi ne Muhammadu Lawal, mai ruga a gefen Gwiwa. Daga bakin ƙofa yake farawa.

"Ina baiwata? An kula min da dukiyata, ko an sayar an ci goro?"

"Wace dukiya, Bafulatani da sanda ɗaya? Ajiye min man shanuna ka kama hanya."

Da rumbun ya yi girma, tambaya ɗaya sai ka dafa wake kafin na'ura ta ba da amsa. Dole a jera bayanan bisa lokaci don bincike ya yi sauri. Hanya biyu ce a gabanta: ta jera su bisa lokacin da rahoto ya iso ofis, ko bisa lokacin da abin ya faru a ruga. Ta farko sauƙi gare ta, sabo ya bi bayan tsoho kawai. Ta biyu kuwa sai an riƙa tsaga jeri ana cusa wanda ya makara, ga na'urar ƙarama, ga agogon wayoyin ma'aikata kowanne da inda ya sa gaba. Makiyayi kuma in ka ce masa yaushe, sai ya ce "wajen kasuwar Roni ta wancan makon." Zulaikha ta zaɓi ta farko. Wanda ya san aikin ba zai ga laifinta ba a ranar.

Wata damina ciwon huhu ya shiga shanu. Ardo-ardo suka taru a ofis suna tambayar inda ya faro. Ta tambayi na'ura, garken Muhammadu Lawal ya fito a saman jeri, ita kuma ta faɗa. Abin da ya shige mata duhu shi ne rugarsa tana gindin ƙarfen sabis. Rahotonsa nan take yake isowa, na bayan duwatsun Roni kuwa yana kwance a waya sai ranar da ma'aikaci ya shigo gari. Laifinsa kawai zama kusa da sabis.

Aka hana shanunsa mashaya. Matarsa Dela ta riƙa dawowa daga kasuwa da nononta yadda ta tafi da shi. Wata safiya ya zo ofis, ya cire takalmi a waje, abin da bai taɓa yi ba.

"Salamu alaikum, Malama. An tashi lafiya?"

Zulaikha ta ce, "Yau babu tsiya?"

"Na zo in ji daga bakinki ne, Malama. Da gaske ni aka gani?"

"Kai na'ura ta nuna."

"To. Na gode."

Bayan 'yan makonni wani ma'aikaci ya shigo daga Roni, wayarsa ta zubo tulin tsofaffin rahotanni, cikinsu har da shanun da suka fara tari tun kafin na Muhammadu Lawal. Nan ta gane. Da wata ce sai ta gyara a ɓoye ta ja bakinta, tunda ba mai leƙa cikin na'urar sai ita. Zulaikha ta hau acaɓa ta bi rugage, tana zama da tsofaffi suna lalubo ranaku da ranar kasuwa, da ranar suna, da ranar da aka yi ruwan nan mai ƙanƙara. Ta gina jeri na biyu, kowane rahoto da lokutansa biyu, na faruwa da na isowa. Zaren ya kai ta ga kwamin ruwa na wata kasuwa, inda shanun fatake suka sha suka wuce. Ta tara ardo-ardon nan ta ce musu, "Kada ku ce na'ura. Ni na zaɓi tsarin, ni na ambaci sunansa."

Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Muhammadu Lawal ya kwashe garkensa ya tsallaka Nijar tun kafin kaka. Ta bi shi ta Babura har can. Ya shimfiɗa mata tabarma, Dela ta dama fura, ya saurare ta har ƙarshe. Ya ce, "Babu komai, Malama. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Har ya raka ta bakin mota Malama yake ce mata. Direban da ya dawo da ita ya ce tun daga iyaka take kuka.

Ke ce, Zulaikha, wadda tun daga ranar ba ki sake ambaton sunan mutum ba sai kin duba lokutan nan biyu. Ciwo ya sake zuwa, aka tare shi a mashaya, ba wanda aka kora. Waɗanda kika tsare wa mutunci ba su ma san an tsare musu ba. Mun gode. Allah ya saka miki, ya ƙara wa idanunki haske.

Ku masu gadon kujerarta, ku koyi aikin, ku kuma koyi tsayawa gaban jama'a ku ce "ni ne." Kai kuma Muhammadu Lawal, in wani ya karanta maka wannan, turakunka suna nan a Gwiwa. In ba za ka dawo ba, ko a waya ne ka kira ta baiwarka sau ɗaya. Shi take jira, ba walima ba.