Baba Bai Sa Hannu Ba

Wata rana da hantsi, wani dattijo mai wankin hula ya yanke jiki ya faɗi a bakin rumfarsa. Malam Nomau sunansa. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Ya bar ɗa guda, Ilu. Shekararsa arba'in da ɗaya.

Ilu ba ya kallon mutum a ido. In hayaniya ta yi yawa sai ya toshe kunnuwa ya riƙa rausaya. Maganarsa ba ta da yawa. Amma ka ba shi hula ɗari ya wanke, zai shanya su a jere, kuma ba zai taɓa ba ka ta wani ba.

Unguwa ta ce iska ce. Wasu suka ce dolo ne kawai.

Ranar da abin ya faru yana gida yana dama sitati.

Ƙanen mamacin, Barau, shi ne ya zama babba. Ya taho daga unguwarsu can hayin gada, ya ga jama'a sun fara taruwa, ya yanke shawara shi kaɗai.

"A fitar da yaron nan ta ƙofar baya. Kada ya yi mana ihu a kan gawa."

Yaro, mai furfura a gemu.

Aka sa shi a adaidaita aka kai shi gidan Barau. Aka yi wa mamaci wanka, aka yi sutura, aka yi salla. Kafin la'asar an dawo daga maƙabarta.

Da yamma Ilu ya yi tambaya, idonsa na kan bango.

"Baffa, ina Baba?"

Tausayi ya kama Barau. Ya ce, "Ya je ƙauye duba gona. Zai dawo."

A ransa alheri ya yi.

Tabawa, matar Barau, ta kai wa Ilu tuwo ɗakin da aka ware masa. Ya wanke hannu, ya zauna gaban kwanon. Bai taɓa ba har ya huce.

Da safe koko da ƙosai. Haka.

Ta yi dambu, ta yi fate, har kaza ta sa aka yanka. Kullum sai ya wanke hannu ya zauna. Ruwa kaɗai ke shiga cikinsa.

Barau ya yi lallashi, ya yi faɗa. Rana ta huɗu ya sa ƙarti biyu suka danne shi don a ɗura masa kunu. Ilu ya kurma ihu, ya yi ta buga kansa da bango har goshi ya fashe.

Barau ya ce, "Kun gani ko? Abin da nake gudu ke nan."

Kwana shida.

Ilu ba ya iya miƙewa sai ya dafa bango. Barau ya wuni a zaman makokin yayansa, ya dawo gida ya tarar da ɗan yana shirin bin uban. Gawa biyu a mako ɗaya, ta biyun kuma a hannunsa. Abin da ya tsaya masa a rai ke nan.

Wani ya ba shi labarin mai magani a wani ƙauye, inda ake sa wa masu iska mari a ƙafa har su nutsu. Barau ya ce da an yi sadakar bakwai za a tafi. Ya aika aka sayo igiya.

Ana haka sai ga sallamar wata mata.

Malama Hurera ce, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a. Shekara uku tana zuwa rumfar Malam Nomau duk wata don duba Ilu. Ta je ta tarar da rumfa a rufe, aka yi mata kwatancen gidan.

Ta durƙusa ta yi ta'aziyya. Idonta ya kai kan igiyar a zaure.

"Baba, ta akuya ce?"

"Ta wanda ya fi akuya gardama," in ji Barau. "Ki koma ofis, 'yata. Takarda ba ta korar aljani."

"Ba aljani ba ne, Baba. Likita ya duba shi tuntuni, otizim ake ce masa. Haka Allah ya yi shi. Ku ba ni rabin awa."

Ya ɗaga kafaɗa.

Ta ce wa Tabawa ta kashe rediyo. Ta shiga ɗakin. Ba ta zauna gabansa ba, ba ta taɓa shi ba. Gefensa ta zauna a ƙasa, tana kallon bangon da yake kallo.

"Ilu, Hurera ce."

Ilu ya ci gaba da kallon bango.

"Me ya hana ka cin abinci?"

Barau daga bakin ƙofa ya ce, "Ɓata bakinki kike. Sau ɗari na tambaye shi."

Ta ɗaga masa hannu kawai. Ta jira.

Jiran ya yi tsawo har Barau ya fara jin kunya. Shi in ya yi tambaya, kafin a amsa ya jefa wata, ya ƙara da tsawa.

Can sai muryar Ilu, ƙasa ƙasa.

"Baba bai sa hannu ba."

"Sai ya sa za ka ci?"

"Ba a riga babba. Baffa ya ce zai dawo."

Barau ya dafa ƙyaure.

Wannan tarbiyyar gidansu ce. Da bayan ludayi ubansu ya koya musu ita, shi da Nomau. 'Ya'yan Barau sun daɗe da watsar da ita, kowa da farantinsa da cokalinsa. Ilu ne ya riƙe. Tun rasuwar uwarsa kwano ɗaya suke ci da uban, bai taɓa riga shi ba.

Ashe ba iska ba ce. Ladabi ne ke neman kashe shi, da ƙaryar Baffa.

Suka koma zaure. Barau ya ce, "To yanzu me zan yi?"

"Gaskiya, Baba. A miƙe. Kada ku ce ya huta, kada ku ce ya riga mu. Ku ce ya mutu."

"Ke ki faɗa masa. Ai aikinki ne."

"Ba ni na ce masa zai dawo ba."

Dattijo ya daɗe a tsaye. Sannan ya shiga, ya zauna inda ta zauna, gwiwoyinsa na ƙara.

"Ilu. Ƙarya na yi maka. Babanka ya mutu ranar Laraba. Mun binne shi. Ba zai dawo ba."

Ya jira ihu.

Babu ihu. Ilu ya yi ta rausaya, ya yi ta rausaya. Daga baya ya ce, "A kai ni."

Malama Hurera ta tsaya a bakin maƙabarta. Ilu ba ya son a riƙe shi, sai ya kama ƙarshen sandar Barau, suka shiga a hankali.

A gaban kabarin Ilu ya yi wa mamata sallama yadda ake yi. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a, tun daga farko har ƙarshe, bai yi tuntuɓe ba.

Barau ya saki baki. "Wa ya koya maka?"

"Baba. Duk jana'iza tare muke zuwa. Sahu na biyu, gefen dama."

Ilu ya dubi ƙasar da ba ta gama bushewa ba.

"Mutum saba'in da huɗu na yi wa salla. Baba ne kaɗai ban yi wa ba."

Ba da fushi ya faɗa ba.

 Barau ya ja bakin rawani ya rufe fuska.

Da suka koma gida ya ce a zuba fate kaɗan, a kwano ɗaya. Ya yi bisimilla ya sa hannu. Ilu ya jira ya haɗiye, sannan ya sa nasa. Washegari Malama Hurera ta raka su asibiti.

Ilu ya rayu.

Amma sallar nan ta wuce, babu mai mayar masa da ita.

Darasi:

Wanda ba ya magana irin taka, ba shi ne marar hankali ba. In ka tambaye shi, ka rufe bakinka ka jira amsa. Kada ka yi masa ƙarya da sunan tausayi, domin shi da gaske yake ɗaukar maganarka. In kuma abin ya fi ƙarfinka, akwai waɗanda aikinsu ke nan. Ka neme su kafin ka nemi igiya.

Kowace unguwa da Ilunta. Ka tura wannan ga mutanen gidansu, tun babban gidan yana da rai.