Jumare, Doktan Ƙafa da Keke

Ƙanena Jumare tun yana goye ba ya son a ɗauke shi. Inna Asibi, mahaifiyarmu, ta ce da ta ɗaura zani sai ya yi ta zillo har ta sauke shi, ya kama bakin zanenta ya bi ta tinƙis-tinƙis zuwa hanyar kasuwa. A can take sana'arta, a gindin wani ƙaton maɗaci, tana sayar da kunun zaƙi. Duk wanda ya san Kwantagora a wancan zamani ya san layin itatuwan nan, tun daga wajen tasha har bakin kasuwa, inuwa ta haɗe sama kamar rumfa. Mutanen ƙauye da suka kwaso rana da kaya a ka, nan suke saukewa su sha kunu su miƙe ƙafa. Da ludayin kunun nan aka tura Jumare makaranta.

Ranar da aka ba mu mulkin kai yana cikin 'yan makarantar da suka yi maci da 'yar tuta a hannu. Da aka tashi aka kawo babbar mota ta mayar da yara, kowa na ture ɗan'uwansa don ya hau. Shi kuwa gogan naka ya soke tutarsa a aljihu ya taho a ƙasa, wai yana so ya ga inda mutane suke bi in sun watse. Inna ta ce, "Yaron nan Allah ya shirye shi. An ba ƙasa 'yanci, shi an ba shi ƙafa."

Kai kuwa akwai shi, ba a magana. Ya wuce sakandare, ya wuce jami'a a Zariya, har Ingila aka tura shi. Sa'o'insa suka karanta shari'a, suka karanta mulki, suka dawo da Fijo suna danna ham a ƙofar gidan iyayensu ko ba kowa a hanya. Shi da aka tambaye shi abin da yake karantawa sai ya ce, "Yadda mutane suke tafiya a cikin gari, masu ƙafa da masu keke."

Inna ta ajiye ludayi ta dube shi. "Auta, har ƙasar Turawa ka je don a gaya maka da ƙafa ake tafiya? Ai da ka tambaye ni."

In ya zo hutu ba ya zama majalisar 'yan boko. Gindin maɗacin Inna yake tarewa yana damun masu shan kunu da tambaya. Baba, daga ina? Ina ka huta? Iya, in mota ta taho ina kike raɓewa? Shekarar da aka mayar da motoci hannun dama, duk ƙasa ana tambayar ina mota za ta bi, shi kaɗai yake tambayar ina mai ƙafa zai tsaya. Ya rubuta littafi guda a kan wannan, mai kaurin da za a iya tokare ƙofa da shi, aka ba shi Dokta, aka ba shi ɗalibai yana koya musu. Da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan da ya sa har masinja ya sayi babur, shi sabuwar ƙararrawa ya saya wa kekensa. Mutanen unguwa suka ce littafi ya taɓa shi.

Ana nan sai aka ba mu jihar Neja. Gari ya ɗauki murna, manyan unguwarmu kuma suka kafa kwamitin gyaran hanya. Shugabansu Alhaji Mailafiya ne, mai manyan motocin dakon hatsi, mutumin da tun da ya sayi Fijo ko masallacin ƙofar gidansa sai direba ya kai shi. Suka zauna suka yanke cewa itatuwan nan ƙauyanci ne. A sare su a faɗaɗa hanya, motoci su riƙa wucewa biyu-biyu, in manyan jiha sun zo su san sun shigo birni. Ba su tsaya wata-wata ba suka sa gatari. Tun daga tasha har kusan rabin hanya ba abin da ya rage sai kututture.

Saura ɓangaren da Inna take. Ta daina barci sosai, ta rame, amma ba ta ce wa kowa uffan ba. Mai kunu ina ita ina ja da mai Fijo? In itacen ya faɗi ba mai tsayawa a rana ya sha kunu, ita kuma ba ta san wani wuri ba duk tsawon rayuwarta.

Sai aka aiko wa kwamiti daga sama cewa su dakata, sai masanin hanya ya duba ya amince. Alhaji ya yi dariya ya ce, "Masani? Ai a gida muke da shi. Ɗan Asibi mai kunu. Yaron da aka haifa a gabanmu zai ce mana a'a?" Aka aika wa Jumare, ya ce yana tafe.

Ranar da zai zo, cikin bazara ce, irin ranar da ƙadangare ma yake neman inuwa. Tun da safe Alhaji ya sa aka bi sauran itatuwan da jan fenti, kowanne aka shafa masa a jiki, don Dokta ya ga waɗanda za a sare ba sai ya wahala ba. Sannan 'yan kwamiti suka ci ado, manyan riguna sun sha bugu, takalma sau-ciki sababbi, suka jera motoci a bakin gari da masu kalangu, suna jiran motar Dokta. Inna ma ta riga ta gaya wa matan kasuwa cewa yau Autanta zai zo da mota, don a ganinta wanda manya suka fita tarya ba zai kunyata ta ba.

Jumare kuwa motar haya ya hau, kekensa a ɗaure a sama. Kafin a shiga gari ya ce a sauke shi, ya ɗaure ƙafar wandonsa da roba ya hau. Da ya hango dattawa a tsaye sai ya yi abin da kowane ɗan gari yake yi, ya sauka daga keke ya turo shi, ya rusuna.

"Barkanku da rana, Baba Alhaji."

Alhaji ko kallonsa bai yi ba, idonsa na kan titi. "Yawwa, barka. Kai, matsa da kekenka can, babban baƙo muke jira."

"To, Baba. Wa ake jira?"

"Dokta. Kai ka san Dokta? Matsa mana!"

"Ni ne, Baba. Jumare na Asibi."

Mai kalangu ya ɗaga makaɗi, makaɗin ya tsaya a sama. Alhaji ya dubi keke, ya dubi robar wando, ya leƙa bayan Jumare ko motar na tafe. Da ya ga ba komai sai akuya, ya gyara murya ya ce, "Ikon Allah! Ɗana, ka girma. Motar ta lalace a hanya ne?"

"Ba ni da ita, Baba."

"Subhanallahi. To, ba komai, Allah zai kawo. Shigo tawa, a jefa wannan abin a but ɗin mota."

Nan fa Jumare ya dubi hanya. Ya hango kututturan daga inda yake tsaye, ya san kuma inuwar wa ta rage. In ya shiga motar nan, kafin ya gama gyara zama an wuce hanyar, an kai shi gidan Alhaji an ajiye masa kaji. Ya kuma san garinsu. A wurinmu in ka fita taryar baƙo, ba ka hawa shi yana ƙasa. Ko sarki ne kai, in baƙonka ya taka sai ka taka, in ba haka ba har jikokinka za a riƙa yi wa gori.

Ya ce, "Na gode, Baba. Amma hanya da ƙafa ake duba ta, haka aka koya mana. Ku ku yi gaba a mota, ni zan biyo ku a hankali."

Ya kama kekensa ya fara turawa. 'Yan kwamiti suka dubi juna. Jama'a sun taru, masu kalangu na kallo, kuma bakin mai kalangu ya fi rediyo. Alhaji ya ce, "Haba, Dokta, mu hau kana ƙasa? Allah ya kiyaye." Ya tattara babbar riga ya bi shi. Sauran ma suka bi. Direbobi suka biyo baya da motoci ba kowa a ciki, suna rarrafe kamar masu rakiyar gawa.

Wallahi ban taɓa ganin tafiya mai daɗin kallo irin wannan ba. Rana ta take tsaka, ƙasa na ƙuna, ba ko inuwar tsinke. Jumare bai yi sauri ba. Kowane kututture sai ya tsaya ya zagaya shi, ya tambayi wanda ya shuka, ya tambayi wanda yake zama a nan da. Duk tsohon da aka gamu da shi sai ya tsaya sun gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi gona, ya tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya. Su kuma manya na tsaye a bayansa, bugun riga ya narke, zufa na bin gemu. Wani ya cire hula yana fifita. Wani sabon takalmi ya ci masa dunduniya har ya koma taka bayan takalmin.

Wata mata mai suna Zinariya, daga ƙauyukan wajen Ibeto, ta iso da ƙaton kwandon dawa. Tsohuwar mai shan kunun Inna ce, ba ta da tsoron kowa. Ta ja ta tsaya ta ƙare wa Alhaji kallo, ta ce da irin Hausarta ta 'yan koyo, "Alhaji, sannu. Mota ya mutu?"

"Lafiyarta lau," in ji Alhaji, yana haki.

"To ka shigo layinmu ke nan. Da akwai itace a nan, mai kyau. Wani marar tausayi ya sare. Ka daure, saura kaɗan, Asibi yana gaba."

Mai kalangu ne kawai ya ɗan taɓa fata, ƙwal, kamar ba da gangan ba.

Da aka hango inuwar farko, manyan nan da suka ce itace ƙauyanci ne har tsere suke yi. Alhaji ya riga kowa. Ya wuce maɗaci na farko da na biyu don an cika su, ya zube a gindin na Inna, ya jingina bayansa da itacen ya lumshe ido. "Asibi, kunu. Don girman Allah, kunu."

Inna ta miƙa masa ƙwarya, amma idonta na kan keken ɗanta, matan kasuwa kuma idonsu na kanta. Jumare ya jingine keken ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa a daƙile.

Sai da Alhaji ya shanye ya nemi ƙari, numfashinsa ya dawo, sannan ya ce, "To, Dokta, ka dai gani. Sai ka amince a ƙarasa aiki."

Jumare ya ce, "Na ga rabi, Baba. Aikin namu sau biyu ake yi. An duba da sauran itace a tsaye, sai kuma a duba ba itace ko ɗaya. In an sare waɗannan zan dawo mu sake takawa, daga bakin gari har cikin kasuwa, a daidai wannan lokaci. In ta yi, sai in amince."

"Mu sake takawa?"

"Ai na san ba za ku bar ni ni kaɗai ba, Baba."

Alhaji ya ɗaga kai ya dubi ganyen da ke kaɗawa a samansa. Ya dubi hanyar da suka fito, tana ta walƙiya kamar kaskon tuya. Ya dubi 'yan kwamiti, kowa ya cire takalmi yana duba ƙafarsa. Sai ya yunƙura ya miƙe ya daka tsawa.

"Wai ma wa ya ce a sare itatuwan nan? Wane ɗan banza ne ya shafa musu fenti? Itacen da kakanninmu suka sha inuwarsa!"

Ya juya zai nuna fentin, sai kasuwa ta kwashe da dariya. Rabin fentin na jikin itace, rabin na bayan farar rigarsa, ja wur, daidai tsakiya, irin alamar da aka yi wa duk abin da za a sare. Zinariya ta ce, "Alhaji, kai ma an sa maka. Ka gudu kafin masu gatari ya zo."

Ba a sake kai wa layin nan gatari ba. Hanyar motar aka karkatar da ita ta bayan kasuwa, yadda Jumare ya zana musu, aka bar wa masu ƙafa da masu keke inuwarsu. Alhaji kuwa har yau duk wanda ya zauna da shi sai ya ji yadda shi kaɗai ya tsaya ya hana a sare itatuwan gari. Fijonsa ma a gindin ɗaya yake ajiye ta, wai kada rana ta ci mata fenti.

Da jama'a suka watse, Inna ta zuba wa Jumare kunu a ƙwaryar da take ajiye wa manyan baƙi. Ta daɗe tana kallon keken, sannan ta ce, "Auta, yau na gane karatun naka. Wato sa manya tafiya a ƙasa."

"Kusan haka ne, Inna."

"To, Allah ya yi albarka, aiki ne mai lada. Amma dai ka sayi mota, ko ba za ka hau ba. Ka kawo ta nan ka ajiye, matan nan su gani."

Bai saya ba. Yana can jami'a yana koya wa ɗalibai yadda ake tafiya, masu gadi na tare shi a ƙofa suna tambayarsa saƙon wa ya kawo. Inna kuma tana nan gindin maɗacinta da ludayi a hannu, sauran jan fentin na jikin itacen, ta hana kowa ya kankare.