Kiran da Ya Ƙetare Tabki

Jiya jikata ta ƙwala mini kira daga bakin titi, sai surukata ta faɗo mini a rai.

'Yan shekaru bayan samun 'yancin kai, ɗan farina ya kai shekara uku bai ce uffan ba. Da kunyar ɗan fari ba na kula shi, kullum yana manne da zanen Inna, surukar tawa, mai ƙamshin daddawa. Lokotoro a asibitin Maraɗi ya ce kunnensa lau. Rubutun malam kuwa ya sha har ya gaji. Ni dai kuka nake a ɓoye.

Inna ta ce, “'Yar nan, mutanen farko ma nuni suke da hannu, sai da ruwa ya raba uwa da ɗa aka fara magana. Da kira ya kasa isa, aka koma rubutu. Wannan wa zai kira? Kowa na kusa.”

Wata safiya ta kai mu bakin tabkin Madarunfa, ta ɓamɓare hannunsa daga zanenta, ta shiga kwalekwalen masunta, ba ta ko waiwayo ba. Haushinta ya kama ni. Yaron ya bi ta cikin taɓo har gwiwa, sannan ya tsage maƙogwaro: “Kaka, dawo!”

Na zauna daɓas cikin laka ina dariya da hawaye.

Inna, yau kin ƙetare inda kira ba ya kai, takarda ma ba ta zuwa. Allah Ya sa addu'armu na isa gare ki.