Allon da Yaya Binta ta ƙi wankewa

Shekara takwas ke nan da aka fita da Yaya Binta daga gidanmu na New Bell, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwata ta cika har masu ɗauke da makara suna naɗe wando. Duk shekara in watan nan ya zagayo nakan soya ƙosai in raba wa maƙwabta, in yi mata addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, domin bana na yi rigima da ita, tana kabari ina tsakar lekol, wato makaranta, kuma ita ta yi nasara.

Ga wanda bai san ta ba, yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, malamar firamare a wata ƙaramar lekol ta bayan kasuwa. A zamaninta, in shekara ta ƙare, sai a tara iyaye a fili a kira sunayen yara daga na ɗaya har na kashin baya. A yi wa na farko tafi, a yi wa na ƙarshe ihu har ya ɓoye fuska a rigar uwarsa. Yaya ta tsani wannan rana. Ita a gaban mahaifinmu ta fara karatu, shi kuwa Baba bai taɓa tambayar wa ya fi wa ba. Tambayarsa ɗaya ce: ka iya, ko ba ka iya ba? In ba ka iya ba, allonka ba zai ga ruwa ba, ko kuka kake har da majina.

Haka ta ɗauko wannan hali ta shigo da shi lekol. Ba ta yarda da maki ba. Takan kira yaro gaban teburinta ta miƙa masa abin da bai taɓa gani ba, yagen jarida ko takardar sabulu, ta ce ya karanta. Nan take ake gane mai karatu da mai hadda, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wannan taurin kai ne ya haɗa ta da Alhaji Ɗanladi, dillalin shanu, mutumin da in ya yi tari unguwa ke amsawa. Ɗansa Sani ya sami makin wucewa, amma ya kasa karanta takardar sabulu, ta ce sai ya maimaita aji. Alhaji ya zo har zauren gidanmu da mutanensa, yana faɗa ana jin sa daga bakin titi. Ina bayan ƙofa ina leƙe. Ita kuwa ta fito da mayafinta ta gaishe shi da ladabi, ta ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba zan wanke masa allo ba. Bai iya ba tukuna." Uwar yaron ce ta lallashi mijinta aka bar shi ya maimaita, amma shekara na ƙarewa aka sallami Yaya daga aikin. Ta koma koyarwa can Ndogbong, kullum tana kan mashin cikin ruwa da taɓo. Alhaji bai ƙara amsa gaisuwar gidanmu ba har ya rasu, Sani kuma ya daɗe yana jifan kwanon rufinmu da dutse.

Da Allah ya karɓi ranta ta bar 'ya ɗaya, Safiya, tana da shekara guda, ni na goya ta. Kafin yarinyar ta isa shiga lekol, tsarin ya canza. Yanzu takardar sakamako ba maki kawai take kawowa ba. Kowane abu da ake son yaro ya iya an ware masa gurbinsa, malami ya nuna ko ya iya, ko yana kan hanya, ko bai iya ba. Ranar da na fara ganin haka na yi dariya na ce, Yaya, tashi ki gani, sun ɗauki abin da aka kore ki a kansa sun raɗa masa sunan Faransanci. Sai dai ban san ko za ta yi murna ba. Na san malaman da ke bin takardar daga sama har ƙasa suna cike "ya iya, ya iya" don kada iyaye su zo musu da tashin hankali. Ina jin da ta gani sai ta ce gara ihun da ake yi a fili, aƙalla shi ba ƙarya ba ne.

Bara, da aka koma lekol bayan hutu, Safiya ta dawo gida tana ba ni labarin sabon malaminsu, Malam Sani, ɗan marigayi Alhaji Ɗanladi. Na yi ta addu'a a raina, shekara ta tafi lami lafiya, har ranar da aka ba da sakamakon ƙarshe. Lissafi ta iya, tsafta ta iya, magana ta iya. Gurbin karatu kuwa, ba ta iya ba, kuma shawararsa ita ce ta maimaita aji.

Safiya? Yarinyar da ke buɗe littafinta a tsakar gida tana zuba mana Faransanci kamar rediyo? Na ce wallahi ramuwa ce, ya rasa uwar ya huce a kan marainiya. Mahaifinta, Malam Garba, mai aikin ofis a Bonapriso, bai tsaya dogon zance ba. Ya ce yana da aboki mai lekol a Japoma, zai sa ta aji na gaba ba tare da tambaya ba, in haɗa mata kayanta ta koma wurin danginsa a can. Wato in rasa hukuncin, in rasa 'yar da na goya.

Washegari na ja hannunta muka nufi lekol, mayafina a kafaɗa. Abin da na faɗa wa Malam Sani ba zan maimaita shi a jarida ba. Ya bar ni na zazzage cikina kaf, sannan ya buɗe littafin Safiya ya ce ta karanta. Ta kama zubawa, yatsanta na bin layi. Na ce, "To, ka ji da kunnenka!" Ya sa hannu a hankali ya juya shafin. Safiya ta ci gaba da labarin shafin baya, yatsanta na tafiya a kan kalmomin da ba su ba ne.

Sai ya ja aljihun tebur ya fito da takardar sabulu ya miƙa mata. Ta ƙura mata ido, leɓenta na motsi, ba abin da ya fito. Hawaye ya ɗiga a kan takardar.

Ya ce, "Anti, haka ni ma na tsaya a gaban Madam Binta. Na yi shekara ina jin haushinta, kuma a shekarar na koyi karatu. Safiya ba daƙiƙiya ba ce, kanta ma ya fi nawa ja, shi ya sa ta haddace littafi guda. Ba ta iya ba ne tukuna." Ya ƙara da cewa in iyaye suka matsa, direkta zai wuce da ita, don haka maganar tana hannunmu.

Gani ya kori ji, amma Malam Garba bai gani ba, kuma ba ya son ji. Da ya zo ɗaukar ta muka kwashi 'yan kallo. Ya ce me za a ce a unguwa, 'yar malama guda ta maimaita aji? Na ce a faɗa mana, bakin mutane ai ba ya koya wa yaro karatu. Ya ce 'yarsa ce, ba tawa ba. Gaskiya kuwa ya faɗa. Jakar kayanta na bakin ƙofa, sai Safiya ta ɗago kai ta ce, "Baba, da Mama na nan, za ta bar ni in wuce?"

Mutumin nan ya zauna da Yaya, ya san wadda ya aura. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba za ta bari ba." Ya juya ya fita, ya bar jakar a inda take. Har yau gaisuwarmu ba ta wuce ta fatar baki.

Ba zan yi muku ƙarya in ce komai ya yi daɗi ba. Safiya na zaune a ajin bara da ƙannen ƙawayenta, suna kiran ta kakar aji, wata rana takan dawo ta ƙi cin abinci. Nakan kwanta ina tambayar kaina ko mun cuce ta. Sannu ba ta hana zuwa, haka ake cewa, amma mai faɗa ba shi ke share wa yarinya hawaye ba. Sai makon jiya muna cikin taksi a cunkoso, na ji tana ƙus-ƙus a gefena. Na waiga, ashe allon bakin hanya take haɗa wa haruffa, ɗaya bayan ɗaya, da ƙyar. Ta ce, "Ndog... bong. Inna, nan ne Mama take zuwa?" Na gyaɗa mata kai.

Zannuwan Yaya an raba, hotonta ya koɗe, lekol ɗin da ta kore ta ma ta zama shagon kaya. Abin da ya rage nata kalma ɗaya ce, "tukuna", kuma ba a gidanmu ta ajiye ta ba. Ta ajiye ta a bakin yaron da ke jifan rufinmu, shi kuma ya riƙe ta shekara da shekaru har ranar da 'yarta ta buƙace ta. Allah ya jiƙan ki, Yaya, ya haskaka makwancinki. Allon Safiya bai wanku ba tukuna, amma ki kwanta da hankalinki, ba mu wanke shi da ƙarya ba.