Gurasar Ƙarshe ta Tai Sarbati

Tai Sarbati ba ta son kare. Da wannan zan fara, domin tun da ta rasu mutanen unguwarmu suka mai da ita uwar karnuka, alhali ni da na yi shekaru ina sayar da shayi a gabanta na san ko inuwar kare ba ta so ta taɓa mata zane.

Guga ce sana'arta. A gindin darbejiyar bakin layinmu take kafa teburi, da dutsen guga na gawayi wanda ni sai na sa hannu biyu nake ɗagawa. Daga wani ƙauye a jihar Haryana aka kawo ta garin nan tana amarya. Mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Jagmal, kuma da wannan dutsen ta rene shi har ya samu aikin gadi a rukunin gidajen masu kuɗi da ke tsallaken titi. Yaro da babba Tai muke ce mata, kamar ita ce matar yayan uban kowa, ta kuwa riƙe matsayin da gaske, don ba wanda ya tsira daga bakinta.

Abu ɗaya ta gada wurin uwar mijinta wanda ba ta taɓa fashinsa ba. In ta gasa gurasa, ta farko ta saniya ce, ta ƙarshe ta kare. Haka aka koya mana mu duka, amma mu mukan manta. Ita daga nesa take jefawa, ta juya baya, ta je ta wanke hannu.

Shekarar da hukumar gari ta hana kawo karnukan nan masu ƙaton kai, ta ce waɗanda ke hannu sai da rajista da takunkumi, 'ya'yan masu kuɗin da suka saye su don ɗaukar hoto suka shiga zubar da su. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Wata safiya muka tarar da ɗaya ɗaure a jikin falwaya, baƙi wuluk, an datse masa kunnuwa. Wuni ya yi yana haushi ba wanda ya matsa. Tai ta jefa masa gurasar ƙarshe, don kawai shi ne karen da ya fi kusa. Da ya tsinke igiyar, ƙarƙashin teburinta ya nufa ya kwanta.

"Tashi ka ba ni wuri, mummuna, mai kai kamar turmi!" in ji ta.

Bai tashi ba, sunan kuma ya bi shi.

Ni na sha yi mata magana. Na ce, "Tai, ki kai Mummuna a yi masa rajista, a rataya masa lamba. Ki saya masa takunkumi da sarƙa. Irin wannan ba abin wasa ba ne."

"Ke Murti, shayinki ne ya bugar da ke? Saniyar da nake ba ta farko, ita ma tawa ce? In ja ta zuwa ofis? Sadaka nake yi, yarinya. Masu mota su ke da kare."

Kuma har zuciyarta haka ta ɗauka. Amma da sanyi ya shigo sai ga Mummuna sanye da tsohuwar riga. Na kalle ta, ta ce dutse ne ya ƙona rigar, kuma in kama bakina.

Dharampal mai madara ne abin ya faɗa wa, mutumin da ko ƙuda ba ya kashewa. Ya tsaya da babur ɗinsa kusa da teburin, garwa ɗaya ta suɓuce ta faɗi da ƙara a ƙafar Tai, ya zabura zai tare. Mummuna ya ga namiji ya yi kanta, shi ke nan, ya cafke masa hannu. Tsawa ɗaya Tai ta daka masa ya saki, amma aikin gama ya gama. Har yau hannun Dharampal ba ya riƙe kan babur, matarsa ce ke yawo da garwa. Masu ba da labarin uwar karnuka sukan tsallake wannan, ni ba na tsallakewa. Da an sa takunkumi, da yana nan da hannunsa.

Washegari ma'aikatan hukuma suka zo da mota mai keji. Babbansu mutum ne mai ladabi, ya yi mata bayani dalla-dalla. In karen na da mai shi, mai shi zai amsa laifin a kotu, ya ɗauki nauyin jinya, a yi wa karen fiɗiya, a tsare shi a gida da takunkumi, ya rayu. In ba shi da kowa za su tafi da shi, kuma wanda ya yi irin wannan cizo ba ya dawowa.

"To, Uwa, na wane ne?"

Jagmal ya sunkuya kusa da kunnenta, amma ina jin sa. "Ma, in sunan gidanmu ya shiga kotu, gobe an kore ni daga gadi. Ba ƙarya za ki yi ba. Abin da kike faɗa kullum za ki faɗa."

Ta daɗe tana kallon gawayin dutsenta. Sannan ta ce, "Ba nawa ba ne. Gurasa kawai nake ba shi."

Kama shi ya gagara. Sun zo da sanda mai zarge, ya maƙale a ƙarƙashin teburin yana gurnani, ƙattan maza suna ja da baya. Babban ya ce, "Uwa, ki taimaka, kada mu karya shi a banza." Ta shiga gida. Muka ji ƙamshin gashi. Ta fito da gurasa guda da zafinta, ta jefa cikin kejin.

"Shiga, Mummuna."

Ya fito yana kaɗa guntun wutsiyarsa, ya shinshini ƙafarta, ya haye motar da kansa. Babban ya rufe ƙofa, ya dubi Tai, suka tafi da shi.

Bayan 'yan kwanaki na ga ta ɗaura zanenta na zuwa biki, ba ta kafa teburi ba. Ni na raka ta ofishin. Ta tsaya a gaban taga ta ce, "Na zo karɓar karena." Tun da nake da ita ban taɓa jin kalmar a bakinta ba. Aka duba, aka ce ta makara.

Ta ci gaba da guga har ƙarfinta ya ƙare, da faɗanta da komai. Rabin abin da take samu gidan Dharampal yake tafiya, ba wanda ya sa ta. Saniya kuma ba ta rasa ta farko ba. Amma karnukan layinmu ba su sake samun komai daga hannunta ba, na ɗauka fushi take da su, har ranar da na shiga na same ta tana gashi. Da ta zo kan curin kwaɓi na ƙarshe sai ta mai da shi kwano ta rufe, don ta haɗa da kwaɓin gobe.

"Tai, wannan fa?"

"Ta ƙarshe tana da mai ita," in ji ta. "In na gasa, wa zan ba?"

Ranar da ta rasu, da muka shiga gyara ɗakin girkin, na ɗaga murfin kwanon. Curin yana nan, bai ma bushe ba.