Ƙulli Huɗu a Igiyar Jar Akuya

Jiya ina neman takardar haihuwar ɗana a ƙasan akwati, sai hannuna ya taɓo wata guntuwar igiya mai ƙulli huɗu. Ban san lokacin da na kai ta hanci ba. Warin akuya ya kusa gushewa daga jikinta, amma ɗan abin da ya rage ya isa ya tashe ni tsaye. Na manta da takardar, na yi ta kai da komo tsakanin ɗaki da tsakar gida, har yaron ya tambaye ni ko kunama ce ta harbe ni.

Ka san akwai yaran da in an ce su zauna sai su zauna. Ni ban taɓa zama cikinsu ba. A ƙauyenmu, wanda daga can zuwa Dakoro tafiyar hantsi ce a ƙasa, kakana na wajen uba ba ya kirana da komai sai uwar yawo. A lakwal kuwa, wato makarantar boko, benci kamar yana da ƙaya. Duk da haka, shekarar da nake ajin ƙarshe na firamare, ni mushe, wato malaminmu, ya zaɓa in wakilci makarantarmu a gasar rubuta kalmomin Faransanci da za a yi a Dakoro. Za a kira kalma, ka rubuta a allo, ka faɗi ma'anarta. In ka kuskure, ka koma gefe. Ya miƙo mini takarda mai kalmomi sittin, dogaye masu wuya, kowace da ma'anarta a gefe, ya ce saura sati uku.

Bazara ce, irin wadda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa tun kafin azahar. Na zauna gindin aduwa da takardar, na tashi. Na koma bayan rumbu, na tashi. In na haddace biyar da safe, kafin la'asar uku sun gudu, biyun da suka rage sun cuɗe da juna. Tsoro ya kama ni sosai, don babu wata yarinya daga ƙauyenmu da aka taɓa kaiwa irin wannan wuri, kuma na san in na faɗi tun kalmar farko, za a daɗe ba a sake kai wata ba.

Kakana bai san ko harafi ɗaya na boko ba. Amma awakinmu goma sha biyar, ya san kowace da uwarta da uwar uwarta, da shekarar da aka haife ta, da inda ta taɓa ɓata. Ran nan yana tufkar igiya, ya gaji da ganina ina zagaya gida ina gunaguni.

"Ke uwar yawo, kin hana ƙasa hutawa. Nawa ne abubuwan nan da ke koran ki?"

Na ce sittin.

"To ki raba ma awaki mana. Kowace ta ɗauki huɗu. Kayan da ya hi ƙarhin kai, ai ba a kai ake barin shi ba."

Na yi dariya, shi kuwa ko murmushi bai yi ba. Da yamma ya bi ni bakin rijiya inda ake shayar da dabbobi, ya kafa mini doka: ba zan ɗora wa akuya kalma ba sai na faɗa masa abin da take nufi da Hausa, shi kuma ya zaɓi wadda ta dace da ita. In na yi ƙoƙarin tsallake ma'ana, sai ya buga sandarsa a ƙasa. "Mi take nuhi? Ba a aza ma dabba kayan da ba a kwance an gani ba." Da na ce hippopotame dorina ce, ya nuna wata baƙa mai ƙaton ciki da ba ta ɗaga kai daga kwamin ruwa. Kalmar da ke nufin mai taurin kai ta tafi wurin ɗan bunsurun da kullum ke tsallake danga. Wadda ke nufin ɗakin ajiye littattafai kuwa sai da ya daɗe yana tunani, sannan ya ba wata tsohuwa da ba ta komai sai kwanciya tana tuƙa.

Abin ya zauna, wallahi. Ina tafe bayan garke, in dubi akuya, in kira kalmominta, in rubuta su da tsinke a rairayi, in share da ƙafa, in wuce. Karo na farko ke nan da karatu ya yarda ya bi ni ina tafiya.

Huɗun da suka fi wuya ya ajiye wa jar akuya mai tsagaggen kunne, wadda ke shiga gaba duk inda aka nufa. Ya sha gaya mini cewa jikar jikar akuyar da kakata marigayiya ta zo da ita gidan ce, kuma ita kaɗai ta rage a wannan dangi. Na ji, amma kunnen yaro ne, ya shiga ta nan ya fita ta can. Cikin huɗun akwai transhumance. Da na ce ma'anarta tafiyar da makiyaya ke yi da dabbobi arewa da damina, su gangaro kudu da rani, ya yi dariya har rawaninsa ya goce.

"Abin da na shekara hamsin ina yi da ƙahwata, ashe nasara na da sunan shi? Aza ma jar. Ita ta san hanya."

Saura kwana huɗu gasar, na ji babana yana gaya wa innata cewa hatsin rumbu ya kai ƙasa, gobe ranar kasuwa za a kai akuya ɗaya. Rani ya ramar da garken duka, jar ce kaɗai ke da jikin da zai kawo hatsin kirki. Na saki tulun da ke hannuna. Na yi kuka, na yi birgima, na ce a kai baƙar, a kai bunsurun, a kai duka ma in ana so a bar mini ja. Babana ya dube ni kamar na zautu. Na ruga wurin kakana, don na tabbata shi zai hana.

Bai hana ba. Ya ce, "Ƙannenki ba su cin kalma."

Na yi fushi da shi irin fushin da ban taɓa yi da kowa ba. Na ƙi kai masa ruwan alwala. Duk yammacin nan na yi ta ƙoƙarin kwashe kalmomin huɗu in ɗora wa wata akuya, suka ƙi zama. Ina duban farar, jar nake gani. Da safe shi da kansa ya ja ta, bai yarda babana ya kai ta ba. Na laɓe bayan danga ina kallon su har suka haye tudu, ita ce a gaba kamar kullum, shi yana bin ta.

Ya dawo da la'asar a amalanken maƙwabci, da buhun hatsi. Ban yi masa sannu da zuwa ba. Ya zo inda nake, ya zaro igiyar wuyanta daga aljihu, ya ƙulla ta sau huɗu a gabana.

"Ba a saida dabba da igiyatta. Mai saye shi ka zuwa da tashi. Nama da hwata suka tahi, kayanki na nan."

Ranar gasar na ɗaura igiyar a ƙugu, ƙarƙashin zane. Ajin cike yake da 'yan birni masu takalma, ga zafin kwano, ga warin alli. Duk kalmar da aka kira, sai in rufe ido in bi garke: ga baƙar, ga bunsurun, ga tsohuwar mai tuƙa. Aka yi ta raguwa har muka zama mu uku. Sai mai kiran ya ce transhumance. Kaina ya yi fayau, babu komai ciki. Na sa hannu a ƙugu na kama ƙulli na uku, warin ya taso, sai ga ta nan tana haye tudu da tsagaggen kunnenta. Na rubuta, na faɗi ma'anar, har na ƙara da cewa kakana ya shekara hamsin yana yi. Aka yi dariya. Na zo ta biyu, aka ba ni ƙamus da jaka.

Da na iso gida, kowa ƙamus ɗin yake son taɓawa. Kakana yana gindin aduwa, bai ko dube shi ba. Ya yafito ni da hannu, ya rage murya.

"Ta zo?"

Na ce, "Ta zo, kaka. Ita ta shiga gaba."

Ya gyaɗa kai, ya ja rawani ya rufe baki da hanci, ya juya fuska wajen garke ya daɗe bai juyo ba. A nan ne na gane cewa ni kalma huɗu na ji tsoron rasawa, shi kuwa abu na ƙarshe da ya rage masa na kakata ya ja da hannunsa ya kai kasuwa, ina kuma yi masa gaba a kai. Kunya ta hana ni ba shi haƙuri a ranar, na ce sai gobe, gobe kuma ta yi ta wucewa har ya rasu.

Yanzu ɗana ma yana shirin irin wannan gasar. A waya yake koyon kalmominsa, ya danna, murya ta faɗa, ya share da yatsa. Ya fi ni sauri nesa ba kusa ba, kuma yana zaune wuri ɗaya. Garken kuwa babu ko ɗaya, gidan ma an raba. Jiya da ya ga igiyar a hannuna ya ce in jefar, ai ta ruɓe. Na zaunar da shi, ni na kasa zama, na ce ya ajiye wayar tukuna, ya kama ƙulli na uku.