Wayar da Aka Ba Maƙwabci

Ana sallame sallar asuba muka bar Funtua, ni da abokin aikina, a wata bas da aka ɗaure ƙofarta da igiya. Kuɗin mota ya sake tashi, direba ya ce mai ƙorafi ya je gidan mai ya yi. Bayan Bakori dawa ta rufe hanya dama da hagu, amma ni hankalina na Malumfashi.

Bara na haɗa wa wata ƙungiyar manoma ta can na'urar ajiye hotunan takardun gonaki. Na jona mata wayoyin sadarwa biyu, wato kebul, suna aiki kamar ɗaya, in guda ta mutu ɗayar ta ci gaba da tura kwafi Funtua. Na kuma kafa katangar tsaro, wato dokokin da ke tantance saƙon da zai shiga ko ya fita. Yanzu na'urar ta ƙone, na duba Funtua na tarar kwafi ya daɗe da daina zuwa. Ga wani dattijo da ke shari'ar gona, gara ta cinye takardarsa, hotonta da ke cikin na'urar kaɗai ya rage masa.

Mun karya da koko da ƙosan tasha, wanda ya ƙanƙance har ya ba ni tausayi. A ofishin ƙungiyar na leƙa bayan na'ura, waya ɗaya na gani, ita ma ɓera ya datse ta. Sakataren ƙungiya ya ce, "Injiniya, biyu ne fa, kuma wuri guda suke zuwa. Mai shagon nan na kusa ba shi da ko ɗaya, shi ne na ba shi."

Na buɗe baki zan yi faɗa, abokina ya juyo mini da kwamfutarsa. Ashe tun ranar da aka zare wayar na'urar ke aiko mini da gargaɗi, katangata tana tare shi, don ban buɗe masa hanya ba. Mun yi ta fama da ma'ajiyar na'urar har la'asar, ko motsi ba ta yi ba.

Dattijon na zaune a dakali tun safe. "Ɗana, an samu?"

"Baba, ba a samu ba."

Ya tashi ya kwance ɗanyar masara daga bayan kekensa ya miƙo mini. "Ta gonar ce. Allah ya biya wahalarku."

Kafin magariba mun iso gida. Tafiyar ta koya mini in riƙa zare waya da hannuna in ga ko gargaɗi zai iso, in kuma yi wa mutane bayani. Amma wannan ilimin bai tsinana wa dattijon komai ba. Matata ta dafa masarar, kowa ya ci, ni na kasa.